Motar Ergash-aka da Ƙafar Zebo

Kokon, lokacin kankana

Zuwa ga ƙanena Nodirjon,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta jini ɗaya da kewar da ba ta raguwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ciwon gwiwar nan da kake ɓoye wa matarka kuma ya yi sauƙi. Allah Ya tsare ka a kan dogayen gine-ginen da kuke hawa, Ya sa wa guminka albarka, Ya maido mana da kai kafin sanyin Rasha ya gama shiga ƙashinka. Mu nan sai godiya. Matarka Mukaddas tana ƙauye lafiya lau, inabin tsakar gidanku ya yi 'ya'ya har rumfar na neman durƙushewa, saniya kuma ta haifi mace. Ni ina nan a rumfata ta kasuwar kayan mota inda marigayi mijina ya bar ni, ina sayar da fulogi da bel da sensa, maza na zuwa suna koya mini sunan abin da ni na ɗauko musu daga kanta.

Na san za ka ce me ya hana ni kira a waya. Kai ne ka hana ni. In na kira, kafin in kai tsakiyar magana ka fara "to Yaya, to Yaya, ana nemana a sama," wannan kuwa ba maganar "to Yaya" ba ce. Maganar 'yarka Zebo ce da aurenta. Tana gidana. Surukanta sun gaya maka wai yaji ta yi, kai kuma ka kira ta ka ce ta koma ta ba su haƙuri, ko tambayarta abin da ya faru ba ka yi ba. To ba yaji ta yi ba, a gefen titi aka ajiye ta, kuma sunan da ake neman liƙa mata, in ya kama, har kabari zai bi ta. Don haka ka samu wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe.

Ergash-aka, uban mijinta, kai a ranar biki kawai ka gan shi, da sabuwar hula yana rarraba murmushi. Mu da muke gari ɗaya mun fi ka saninsa. Mutumin nan ya tuƙa babbar motar auduga ta gonar gwamnati tun kafin a haifi Zebo, daga nan ya ɗauka duk wani abu mai taya huɗu sai ya nemi izininsa kafin ya lalace. A wurin shan shayi ba a isa a ambaci mota ba sai ya karɓe zancen, wai shi da kunne yake gane ciwon inji, wai ya taɓa gyara kafireta da cokali da igiyar takalmi cikin dusar ƙanƙara. Ban ƙaryata shi ba. Sai dai farar motar da ke gidansa yanzu ba ta da kafireta, ƙwaƙwalwa gare ta, abin da ta fi mai ita da shi ke nan. Kullum da safe yana goge ta da tsumma, kuma ko ɗansa bai isa ya buɗe bonet ba.

Tun da zafi ya fara shigowa motar ta ɗauki wata ɗabi'a. Ana cikin tafiya lafiya lau sai ta mutu, babu tari, babu gargaɗi, sitiyari ya yi nauyi, manyan motoci na wucewa ta gefe suna danna hon. A murɗa makulli, ta yi ta kik ba ta kamawa. Ergash-aka ya canja fulogi, ya wanke tanki, ya zagi masu gas ya mayar da ita kan fetur, ya zagi masu fetur ya mayar da ita kan gas, ya bubbuga kan batir da sifana. Ya duba duk abin da idonsa ke iya gani bai sami komai ba. Mai hankali a nan zai ce akwai abin da ban sani ba. Shi kuwa sai ya ce tunda shi Ergash bai ga ciwo ba, to mota lafiyarta ƙalau, daga mutum ne. Maƙwabcinsa ya ba shi shawara ya kai ta wurin masu na'ura su duba, ya ce wai ba zai bar yara masu wasa da kwamfuta su sace wa motarsa hankali ba.

Yanzu ka lura da yadda sharri ke samun ƙofa. A cikin gari ina Ergash-aka yake zuwa? Masallaci, kasuwa, wurin shan shayi, duk kafin inji ya san an tashe shi an iso. Doguwar tafiya ɗaya ce a gidan, ita ce kai kelin, wato matar ɗansa, ganin uwarta a ƙauyenmu, kuma shi da kansa yake tuƙawa don a ce surukan kirki ne. Sabuwar kelin kuwa, ka san amaryar gida ba ta leƙa ƙofa sai irin wannan rana. Saboda haka duk ranar da motar za ta ɗau zafi Zebo na ciki, duk ranar da Zebo ba ta ciki motar ba ta yin nisan da za ta ɗau zafi. Uwar mijinta Holida, wadda ban taɓa ganin ta haɗa tunani biyu sun tsaya ba, sai ga shi ta haɗa wannan. Ta ce kelin farar ƙafa gare ta. Nan take aka tuno cewa ai bayan biki ne kaji suka daina ƙwai, bayan biki ne tanderun gurasa ya tsage, tanderun da ya girme ni.

Holida ta fara ajiye ganyen isirik da murfin tukunya a but. Da motar ta mutu sai a ce kelin ta fita ta koma can ƙarƙashin bishiya ta juya baya. Holida ta kunna ganyen a murfin, ta zagaya motar da hayaƙi, ta turara kujerar da yarinyar ta tashi, ta yi tofe-tofenta, Ergash-aka kuma ya buɗe bonet ya tsaya yana kallon inji da hannu a ƙugu. Ni ban raina isirik ba, Nodirjon. Da shi uwarmu ta turara mu saboda kambun baka, ni ma ina turara rumfata duk Alhamis. Amma kafin ganyen ya kama ya cinye, ga bonet a buɗe iska na shiga, ai inji ya huce. Sai a murɗa makulli ta tashi, Holida ta dubi mijinta, a kira yarinya ta dawo ta zauna a takure kamar an kama ta da sata. Mijinta Ilhom yana zaune a gaba duk wannan lokaci, dogo, kyakkyawa, da waya mai tsada a hannu, bakinsa a rufe. Tun farkon zafi ake yi mata haka ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar ƙarshe, sun wuce rabin hanyar Rishton mai zuwa ƙauyenmu motar ta mutu, aka fitar da Zebo, aka yi hayaƙi, mota ta tashi. Sai Ergash-aka ya ce wai yau ya gama gwaji, mota ta fi mutum sanin wanda ba ta so. Ya sa Ilhom ya sauke mata ƙullin kayanta da gurasar da ta toya wa uwarta, ya ce ta nemi bas ta ƙarasa gidan ubanta, in an nema mata magani sa yi magana. Suka juya suka bar ta da rana tsaka, a wannan zafi da ko kare ba ya fita. Kunya ta hana ta ƙarasawa wurin Mukaddas. Wani mai ƙaramar bas ne ya ga mace ita kaɗai ya maido ta Kokon, ta shigo rumfata leɓɓanta a bushe, gurasar tana rungume a ƙirjinta. Daga baya na ji cewa a hanyarsu ta komawa ma motar ta sake mutuwa, babu Zebo babu dalilinta, amma Holida ta ce wai inuwarta ce ba ta gama fita daga kujera ba, suka wanke kujerar da ruwan gishiri.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ita kanta ta fara yarda. Maƙwabciyata ta miƙa mata jaririnta, Zebo ta ɓoye hannu a baya, ta ce "Gwaggo, kada in jawo masa wani abu." Na zaunar da ita na ce ta gaya mini yadda motar ke mutuwa, ba yadda Holida ke fassarawa ba. Kafin ta gama na san mene ne, domin babu makon da wani ba ya zuwa rumfata da wannan labari. Sensar karanshaf ce. Abin bai fi babban yatsanka ba, baƙi, da waya a wutsiya, a maƙale a gindin inji kusa da wani faifai mai haƙora da ke juyawa tare da babban ƙarfen inji. Aikinsa ya lura da haƙoran nan ya gaya wa ƙwaƙwalwar mota cewa inji na juyawa, ga lokacin ba da wuta, ga lokacin feso mai. In ya tsufa, siririyar wayar da ke naɗe a cikinsa takan saki idan ta ɗau zafi. Da ya yi shiru sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka inji ya tsaya, ta ɗauke wuta da mai lokaci guda. In ya huce wayar ta koma ta haɗe, mota ta tashi kamar ba ita ba. Ba wani ilimi ba ne mai zurfi, kowane gareji an san shi.

Washegari na rufe rumfa na tafi wurin Mamatkul-ota, dattijon unguwarsu, aka kira Ergash-aka. Na ce ba faɗa na zo yi ba, ko da yake faɗa na zo yi. Na ce inda babu ƙasa ake gardamar kokawa, ga mota, ga titi, ga rana. A bar Zebo a gidana, mu shiga mu kama hanyar Rishton, in motar ta kai lafiya ni da bakina zan ce yarinyar ce. Da farko ya ƙi, wai shi ba zai yi gardamar mota da mace mai sayar da robobi ba, in na iya in je in gyara tukunyata. Mamatkul-ota ya shafa gemu ya ce masa a hankali, "Ergashboy, ai direban da ya san motarsa ba ya tsoron titi." Girman kai ya ƙarasa sauran aikin. Na ɗauki Usta Bahodir, bakaniken da garejinsa ke bayan rumfata, ya zo da 'yar na'urarsa a aljihu. Ergash-aka na tuƙi, dattijo a gefensa, ni da usta a baya, Ilhom a tsakiya gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

Tun daga fitar gari Ergash-aka ke yi mana wa'azi. Wai mu saurari inji, agogo ma albarka. Wai a zamaninsu mace ba ta sanin inda bonet yake kuma duniya tana zaune lafiya. Ni ina kallon gonakin auduga, ina addu'ar da ban taɓa yi ba, wato Allah Ya kashe mana mota. Yana tsakiyar labarin cokali da igiyar takalmi motar ta haɗiye muryarta. Ya gangara gefe da ƙyar, wata tirela ta wuce mu har motar ta girgiza. Ka san abin da ya ce? Ya waiwayo ya dube ni ya ce ai jininmu ɗaya da Zebo, gwaggo da 'yar ɗan'uwa, ƙafar gado ce. Na ce to Ergash-aka, ni babu bishiyar da zan je in tsaya, ina nan zaune, ƙafafuna biyu a cikin motarka, kuma da ni a ciki za ta tashi.

Usta ya leƙo gaba. Ya ce a yi kik, ya nuna wa dattijo allurar da ke nuna juyin inji, ga inji na juyawa ga allura a kwance ko motsi babu. Ya ce, "Ota, ka gani, inji na gudu amma babu mai kai wa ƙwaƙwalwa labari." Ya zare wayar fulogi ɗaya, babu tartsatsi. Ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ta rubuto sunan sensar ƙarara. Ergash-aka ya ce na'ura ai abin da aka koya mata take faɗa, yana laluben ashana yana cewa Ilhom ya ɗauko murfin tukunya. Usta ya ce a ɗan dakata da hayaƙi. Ya karɓi gorar ruwan sanyi daga hannuna, ya sunkuya ya tsiyaya a kan sensar kaɗai, ya ce a murɗa. Nan take ta tashi, ina zaune daram a ciki. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Ergash-aka ya ce wai shi tun farko ya san daga wuta ne, so yake ya ga ko ustan ya iya aikinsa. Mamatkul-ota ya dube shi kawai.

Da a nan abin ya tsaya, da dariya zan aiko maka. Na zo da sabuwar sensa a jakata, usta ya nemi tsumma don kada inji ya ƙona shi, dattijo ya buɗe 'yar akwatin da ke gaban kujerarsa. Tsumma ya fito, wata leda ta biyo shi ta faɗo a cinyarsa. Na gane ta tun kafin ya juya ta. Sensa ce irin tawa sak, sabuwa dal, ba a ko yage ba, da tambarin wata rumfa ta layin bayanmu. Dattijo ya ɗaga ya ce wannan fa? Ilhom ya yi ja har kunne. Da ƙyar ya ce shi ya saya. Wai tun karo na biyu da motar ta mutu ya duba a waya ya gane, wani abokinsa ya tabbatar masa, amma Dada, wato ubansa, ya ce duk wanda ya sa wa motarsa hannu ya bar masa gida, shi ya sa ya ajiye yana jiran lokacin da ya dace. Har zagaye rumfata ya yi ya je wata, don kada in tambaye shi motar wa.

Nodirjon, Ergash jahili ne, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Holida sakarya ce, haka Allah Ya yi ta. Amma wannan lusarin ya sani. Ya sani, yana zaune gwiwarsa na gugar akwatin, ana fitar da matarsa ana turara inda ta zauna. Ya sani ya sauke mata kaya da hannunsa a kan kwalta. Na ga maza iri-iri a kasuwa, masu ƙarya da masu cika baki da masu kuka a kan tsadar fulogi, ban taɓa raina namiji kamar yadda na raina shi a ranar ba. Da sensarsa aka gyara motar. Noti ɗaya ne, kafin dattijo ya gama goge gumi an gama, muka je Rishton muka dawo ba ta ko yi tari ba.

Mamatkul-ota ya sa Ergash-aka ya yi alkawarin zuwa ɗaukarta ranar Juma'a. Da na gaya wa Zebo motar ce, ba ita ba, sai ta yi dariya da kuka a haɗe, ta je ta ɗauko jaririn maƙwabciya ta ƙi mayarwa. Ta kama gugar kayanta tana ƙullewa, tana cewa Ilhom-aka zai ji daɗi, ai shi ma abin na damunsa, ba ya dai iya magana ne. Na daɗe ina kallon bayanta. Na yi tunanin in haɗiye maganar ledar, aure ya ɗore, kowa ya huta. Sai na ga in na yi shiru ni ma na ajiye abu a akwati ke nan ina jiran lokacin da ya dace. Na ce in za ta koma ta koma idonta a buɗe. Na gaya mata. Ta ƙarasa gugar rigar da ke hannunta ta ninke.

Sun zo bayan sallar Juma'a da kankana da gurasa da alawa, su uku. Ergash-aka bai ba da haƙuri ba, dama ban sa rai ba. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, kelin ta ɗauko kayanta. Zebo ta fito da ɗankwali, ta rusuna ta gaishe su yadda ya kamata, ta zuba wa uban da uwar shayi ɗan kaɗan a gindin kofi, ta miƙa da hannu a ƙirji, irin zubin da muke yi wa baƙon da muke so ya daɗe a yi ta ƙara masa. Da ta zo kan mijinta sai ta tsaya da butar a hannu, ta tambaye shi a gaban kowa ko ranar da ya sauke mata kaya abin nan yana cikin akwatin. Ya dubi ubansa. Ta ce ba Dada ta tambaya ba. Ya ce yana ciki, amma ai ta san halin Dada. Ta gyaɗa kai. Ta zuba masa shayi har ya kai bakin kofi taf, ta ajiye a gabansa ba ta miƙa masa a hannu ba. Ka san wanda ake cika wa kofi a ƙasar nan, an ce ya sha ya tashi ke nan. Holida ma ta gane. Suka tashi ba wanda ya taɓa shayinsa, ita kuma ta shiga ɗaki ta kwance ƙullin kayanta, ta jera su a sif ɗina.

To ka ji yadda aka yi. Tana nan wurina, kuma ƙofata ba za ta buɗe wa kowa ya ja ta ba, har da kai. In za ka kira ta, ka kira ta ka saurara, ka bar hudubar zaman aure sai ka dawo ka ga fuskarta. Mukaddas ta zo ta kwana biyu ta koma saboda saniya, ita ma ra'ayinmu ɗaya.

Ka gaishe mini da Shuhrat ɗan kawu, ka ce masa uwarsa ta karɓi maganin da ya aiko, da Ortikali da kuke ɗaki ɗaya, Allah Ya saka masa da yake dafa muku abinci. Mukaddas da ƙananan yaranka, Jasur da Mohira, suna gaishe ka, Usta Bahodir ma ya ce a miƙa gaisuwa. Zebo tana gaishe ka. Tana cin abinci, tana taya ni a rumfa, har ta fara gane fulogi da ido. Tun ranar Juma'ar nan ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi damuna.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Sanobar